Yadda ake bin diddigin kalmar Turanci har asalinta, mu gwada da titter

Turawa suna da wata kalma da suke kiran 'yar dariyar nan da take kufce wa mutum lokacin da kunya ta kama shi, ko gabansa yana faɗuwa, ko an yi wata magana a wajen da bai kamata a yi dariya ba sai kaji wasu sun ɗan saki ƙasa-ƙasa suna rufe baki. Kalmar ita ce titter. Ba kasafai zaka ji ta a bakin masu Turanci a nan wajenmu ba, amma in kana karanta littattafan labari na Ingila ko jaridunsu zaka yi ta karo da ita, kuma irin kalmar nan ce da in ka saka ta a manhajar fassara sai ta ce maka "dariya" shikenan ta barka a wajen, alhali dariya kala-kala ce. Toh ga yadda ake bi a gano ma'anarta da inda ta samo asali, kuma hanyar nan zata yi maka aiki a kan kowace kalma. Waya da 'yar data kawai kake buƙata, sai littafin rubutu in kana da shi.

Mataki na 1: kar ka tsinko kalmar ita kaɗai

Kafin ka buɗe kowane ƙamus, koma inda ka ga kalmar ka kwafi jimlar gaba ɗaya, har da wadda ta gabace ta da wadda ta biyo baya. Ace jimlar ita ce "A titter ran round the courtroom". Tsaya ka tambayi kanka: a ina ake? Kotu. Su waye suka yi? Jama'ar da suke zaune. Kotu wajen ƙyaƙyata dariya ne? Ina, alƙali zai iya sa a fitar da mutum. Kaga tun kafin ƙamus ka riga ka gane dariya ce ƙarama wadda ake dannewa. Sannan ka lura da a ɗin da ke gabanta, wato a nan suna ce, in da aka rubuta "the girls tittered" to aikatau ce. Wannan zai taimake ka don ƙamus yakan raba su gida biyu.

Mataki na 2: duba rubutun da kyau

Wannan ƙaramin abu ne amma yana kai mutane daji. Titter ɗinmu tana da t guda biyu a tsakiya. Akwai titre, wadda 'yan Amurka ke rubutawa titer, ita kuma kalmar ɗakin gwaje-gwaje ce daga Faransanci, duk wanda ya taɓa karɓo takardar awon jini na taifot irin gwajin Widal ɗin nan mai lambobi 1:80 da 1:160 to waɗannan lambobin su ne titre, babu ruwansu da dariya. Akwai twitter, wato kukan ƙananan tsuntsaye, wadda aka sa wa dandalin da ya koma X a 2023. Sai teeter, wato tangaɗi ko rangaji kamar abu zai faɗi, ita wannan ka riƙe ta a ranka don zamu dawo kanta. Kuma ka kula da wayarka, mai gyaran rubutu na kibod yana son mayar da titter ta koma Twitter ba tare da ya tambaye ka ba.

Mataki na 3: fara da ƙamus na masu koyo

Mutane da yawa suna zuwa kai tsaye wajen manyan ƙamusoshi sai su tarar an fassara kalma mai wuya da wata kalmar da ta fi ta wuya. Ni shawarata ka fara da waɗanda aka rubuta domin wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, irin Oxford Learner's da Cambridge da Longman, duk kyauta ne a intanet, kuma da gangan suke amfani da kalmomi masu sauƙi wajen bayani.

In ka duba titter a cikinsu zaka ga abubuwa uku suna maimaituwa ko da lafazin ya bambanta: dariya ce a hankali, ana yin ta ne cikin ɗar-ɗar ko jin kunya, kuma sau da yawa a kan abin da mai yin ta ya san bai kamata ya yi wa dariya ba, musamman maganar da ta ɗan taɓa batsa ko kuskuren wani babba. Merriam-Webster na Amurka ya ƙara wani ɓangare, cewa tana iya zama dariyar yanga, wadda ba har zuci ba. Rubuta waɗannan a littafinka da Hausa, da kalmominka. Sannan kar ka tsallake misalan jimlolin da ke ƙasa, wallahi rabin ilimin a nan yake, a nan ne zaka ga ana cewa titter at wani abu, ana cewa nervous titter, kuma 'yan Ingila in barkwanci bai ci ba sukan ce ko titter bai tayar ba, wato ko ɗan ƙus ba a ji daga masu sauraro ba.

Wani abu da ya kamata ka sani a nan, in likita ko masanin halayyar ɗan Adam yana rubutu ba zai ce titter ba, cewa zai yi nervous laughter, kalmomi biyu a fili. Misali gwajin nan da Stanley Milgram ya yi a Jami'ar Yale ta Amurka wanda ya buga sakamakonsa a 1963, inda aka umarci mutane su dinga danna wa wani mutum shokin na lantarki duk lokacin da ya ba da amsa ba daidai ba, su basu san shokin ɗin ƙarya ne ba kuma mutumin ɗan wasa ne, Milgram ya rubuta cewa 14 daga cikin mutum 40 sun nuna alamun irin wannan dariya da murmushi na ɗar-ɗar, mutum yana jin ɗan uwansa yana dukan bango hankalinsa a tashe amma dariya tana fito masa. Toh a irin wannan wajen titter ta yi ƙarama, don ita tana da ɗan ƙamshin wasa da raini a jikinta, ba a kai ta wajen tashin hankali na gaske.

Mataki na 4: jera ta da 'yan uwanta

Ba zaka san iyakar kalma ba sai ka san maƙwabtanta, don haka nemo sauran kalmomin dariya ka duba kowacce a ƙamus ɗin da ka fara da shi. Wadda ta fi kusa da ita giggle ce, kuma mutane da dama in ka tambaye su kalmar dariyar ɗar-ɗar ita zasu fara faɗa maka. Bambancin shi ne giggle ta fi faɗi, ita ce dariyar yara in ana musu cakulkuli, ita ce ta 'yan mata in sun haɗa kai, kuma tana iya ƙin tsayawa har mutum ya rasa yadda zai yi da kansa, babu laifi a cikinta. Titter kuwa gajeriya ce, a matse take, kuma marubuci in ya zaɓe ta yawanci akwai ɗan ƙyashi a ransa game da masu yin ta. Snigger, da 'yan Amurka suka fi cewa snicker, ita ce ta ƙeta, ana yi wa mutum ita a bayan idonsa. Chuckle ita ce ta dattijo da ya ji daɗin abu a ransa, daga maƙoshi take fitowa ba hayaniya. Guffaw ita ce babbaka dariya da ƙarfi har a jiyo ka a waje, daga Sikotilan ta shigo. Cackle asalinta kukan kaza ne, ana ba mayu ita a tatsuniyoyinsu. Smirk kuma ba dariya ba ce sam, murmushin rainin wayo ne ba sauti.

Hanyar gwaji mai sauƙi: ɗauki jimlarka ta kotu ka dinga cire titter kana saka kowacce a gurbinta kana kallon yadda hoton yake canzawa a idonka. In ka saka guffaw kotu ta hargitse, in ka saka snigger jama'a sun zama mugaye, in ka saka chuckle kowa ya saki jiki kamar hira ake. Wadda ta bar kotun a yadda take, shiru-shiru da 'yar dariya tana zagayawa layi-layi, ita ce titter.

Mataki na 5: yanzu sai asali

Sai ka gama da ma'ana kafin ka shiga tarihi, in ka juya tsarin zaka rikice. Wuraren dubawa na kyauta: Etymonline, wanda wani Ba'amurke Douglas Harper ya haɗa, shi ne mafi sauƙi, ka rubuta kalma ya baka tarihinta a ɗan sakin layi. Merriam-Webster yana da sashe a can ƙasan shafi da yake nuna asali da shekarar da aka fara ganin kalmar. Oxford Learner's ma yana da ɗan akwatin asali da zaka danna ya buɗe. Uban tafiyar kuwa shi ne babban ƙamus na Oxford da ake kira OED, wanda aka fara fitar da shi kashi-kashi a 1884 ƙarƙashin James Murray ba a kammala ba sai 1928, shi aikinsa kenan tattara jimlolin da aka yi amfani da kalma tun daga mafi tsufa, sai dai cikakkensa na kuɗi ne, in makarantarku tana biya toh ka ci moriya, in ba haka ba shafin kyautar ma yana nuna taƙaitaccen bayani.

Kafin ka karanta sai ka san alamominsu, in ba haka ba zaka ga kamar lissafi ne. OE na nufin tsohon Turanci, na kafin wajen shekarar 1100. ME shi ne na tsakiya, daga bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066 zuwa wajen 1500. ON harshen tsofaffin mutanen Sikandinebiya ne, OF tsohon Faransanci, L kuma Latin. In ka ga c. kafin shekara ana nufin wajen wannan shekarar, cf. na nufin kwatanta da, tauraro a gaban kalma kuma yana nufin ba a taɓa ganin ta a rubuce ba, masana ne suka hasaso ta. Sai imit. ko echoic, wato kwaikwayon sauti.

Abin da zaka tarar game da titter shi ne an fara ganin ta a rubuce a matsayin aikatau a farkon ƙarni na 17, tsakanin 1610 da 1620 da wani abu, wato wajen lokacin rasuwar Shakespeare a 1616, sunan kuma sai a ƙarni na 18 ya bayyana. Asalinta kuwa mafi yawansu sun ce kwaikwayon sauti ne, wato Bature ya saurari ti-ti-ti ɗin da ke fita ta tsakanin haƙora in ana danne dariya sai ya mayar da shi kalma. Wannan ra'ayin ba sabo ba ne, Samuel Johnson a ƙamus ɗinsa na 1755 ya fassara ta da yin dariya cikin kamewa ba tare da ƙara sosai ba, kuma a wajen asali ya ce yana tsammanin daga sautin aka ƙera ta. Ƙamus ɗin nasa yana nan a intanet kyauta in kana son gani da idonka. Giggle ta girme ta da kusan shekara ɗari, farkon ƙarni na 16, ita ma kwaikwayon sauti. Snicker ƙarshen ƙarni na 17, snigger kuma ta biyo ta a farkon na 18. Tee-hee ma, wato kwaikwayon sautin 'yar dariya, ta girme su duka, tana cikin labaran Canterbury na marubucin Ingila Chaucer tun ƙarshen ƙarni na 14, a bakin wata mata da ta yi wa mai neman ta wulaƙanci ta taga.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe: shekarar da ƙamus ya baka ba ranar haihuwar kalma ba ce, ranar da aka fara kama ta a takarda ce. Irin waɗannan kalmomin na dariya da tsaki da gunaguni sun daɗe a bakin mata da yara da 'yan kasuwa kafin wani marubuci ya ga sun isa shiga littafi. Kalmar da ake da tabbacin ranarta sai irin chortle, wadda Lewis Carroll ya ƙirƙira da kansa a littafinsa Through the Looking-Glass na 1871, ya haɗa chuckle da snort, wato huci ta hanci, ya fitar da ita. Irinta kaɗan ne.

Mataki na 6: fasa kalmar ka ga cikinta

Nan ne wajen da nafi jin daɗi. Dubi ƙarshen titter, er ɗin nan. Yawancinmu a makaranta an koya mana er na nufin mai yin abu kamar teacher ko driver, ko na fifiko kamar bigger. Akwai na uku da ba a cika koyarwa ba, tsohuwar ɗafa-ƙeya ce da take nuna abu ƙarami yana maimaituwa da sauri. Ita ce a chatter, surutu ba tsayawa, ita ce a mutter, gunaguni, ita ce a stutter, in'ina, da flutter, yadda tsuntsu yake kaɗa fukafukai, da twitter ɗin da muka ambata. Tana da abokiyar aiki, le, wadda ke ƙarshen giggle da chuckle da cackle da sparkle. Mu a Hausa ninka farkon kalma muke yi don wannan aikin, buga ta zama bubbuga, taɓa ta zama tattaɓa, ita ma ƙyalƙyala ai kana jin sautin yana ninkuwa a cikinta. Su Turawa a wutsiya suke saka nasu. Da ka gane wannan, ko baka taɓa ganin kalma ba in ta ƙare da er ko le kuma aikatau ce ta sauti ko motsi, zaka iya cankar cewa abu ne ɗan ƙarami mai maimaituwa.

Sannan ka saurari wasalin. Ƙaramin i ɗin nan na titter da giggle da snigger siriri ne, baki a matse ake furta shi, shi yasa yake tafiya da dariyar da ake ɓoyewa. Kwatanta da guffaw da baki yake wangamewa. Ba doka ba ce da ta hau kowace kalma, amma a gidan kwaikwayon sauti tana aiki sosai.

Mataki na 7: nemi ƙamus na biyu, kuma ka girmama kalmar wataƙila

Kar ka taɓa tsayawa a waje ɗaya. In ka ƙara bincike zaka ga wasu ƙamusoshin sun ce wataƙila titter daga Sikandinebiya ta zo, suna nuni da tsohuwar kalmarsu titra mai nufin karkarwa ko rawar jiki, 'yar uwar zittern ta Jamusanci. Hanyar shigowar ma a buɗe take, don mayaƙan Viking sun fara kai hari Ingila tun 793 a tsibirin Lindisfarne, daga baya suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar, kuma su suka bar wa Turanci kalmomi irin egg da sky da window da they. Kuma lallai an yi wata titter a Turanci na tsakiya mai nufin tangaɗi, wadda ita ce ta rikiɗe ta zama teeter ɗin da nace ka riƙe.

Toh ga inda tarkon yake. Labarin yana da daɗi ƙwarai, mutum yana cikin ɗar-ɗar jikinsa yana rawa dariya tana fita tana karkarwa, sai kaji kamar dole titter ta dariya ita ce titter ta karkarwa. Amma daɗin labari ba hujja ba ne, kalmomi biyu suna iya yin kama a rubuce alhali kowacce da gidansu, kamar bank na kuɗi da bank na gaɓar kogi da ƙamus yake ba kowanne lambarsa daban. Shi yasa masu ƙamus suke saka probably ko perhaps, na farkon ya fi na biyun ƙarfi. Kai ma in zaka rubuta a aikin makaranta ko ka faɗa wa ɗalibai, ɗauko har da wataƙilar, kace mafi rinjayen ra'ayi kwaikwayon sauti ne, wasu kuma suna ganin akwai alaƙa da kalmar karkarwa ta Sikandinebiya. Wanda ya cire wataƙila ya faɗi abu gaba-gaɗi ya ƙara abin da masu ƙamus basu ce ba.

Haka kuma asali baya ɗaure ma'anar yau. Chuckle da yanzu take nufin dariya a hankali, a ƙarshen ƙarni na 16 dariya mai ƙarfi take nufi. Ita kanta nervous daga nervus ta Latin take, wato jijiya, kuma da can in aka ce mutum nervous ne ana nufin ƙaƙƙarfa ne mai jijiyoyi, a ƙarni na 18 ne ma'anar mai fargaba ta fara shigowa har ta kori ta farkon. Don haka in wani ya ce maka ai asalin kalma kaza shi ne kaza saboda haka kowa kuskure yake yi, ka bar shi da tarihinsa ka bi yadda masu harshen suke faɗa yau.

Mataki na 8: tace labaran WhatsApp

Duk saƙon da ya ce maka tsohuwar kalmar Turanci haruffan farko ne na wasu kalmomi, yi masa kallon ƙarya har sai ƙamus ya gaskata shi. News ba North East West South ba ce, jam'in new ce kawai, sabbin abubuwa. Golf ma ba Gentlemen Only Ladies Forbidden ba ce, ba ta da alaƙa da hana mata wasa. Wannan salon na haɗa haruffan farko sai a ƙarni na 20 ya yaɗu, irin radar da laser, toh kalmar da take rubuce tun 1600 da wani abu ta ina zata same shi. Mu ma muna da namu, shekara da shekaru ana cewa boko daga book ta fito saboda sun yi kama a kunne, sai Paul Newman, masanin Hausa ɗin nan na Amurka, ya fitar da takarda a 2013 yana nuna cewa boko kalmar Hausa ce tun asali mai nufin abin bogi ko algus, irin na amaryar boko, daga baya aka liƙa wa karatun Bature. Kamanni a kunne shi ne abu na farko da yake yaudarar mai bin asalin kalma.

Mataki na 9: duba ko tana raye, kuma ka ji ta a baki

Shiga Google Books Ngram Viewer, ka rubuta titter,giggle,snigger da waƙafi a tsakaninsu, ka zaɓi Turancin Birtaniya ko na Amurka a ƙasa, zai zana maka layuka na yadda kowacce take yawa ko raguwa a littattafai shekara bayan shekara. Zaka ga a zamanin nan giggle ta yi wa titter fintinkau, wanda yake gaya maka titter ta fi zama ta rubutu da ɗan tsohon yayi. In ka rubuta a * titter da tauraro a tsakiya zai fito maka da kalmomin da suka fi shiga wannan gurbin, in kuma ka rubuta titter_VERB ko titter_NOUN zai ware maka aikatau da suna. A waya shafin yana ɗan matsewa, juya ta a kwance.

Furuci kuma, danna 'yar lasifikar da ke jikin kalmar a Cambridge, akwai ta Birtaniya akwai ta Amurka. Ɗan Ingila zai ce tita, r ɗin ƙarshe baya fita, Ba'amurke kuma t ɗin tsakiya yana laushi ya koma kamar d sannan r ɗin ya fito, kamar tidar. In kana son jin ta a cikin magana ta gaske akwai YouGlish, ka rubuta kalmar ya dinga kawo maka daidai wajen da aka faɗe ta a bidiyoyin YouTube ɗaya bayan ɗaya, amma fa yana shan data, uku ko huɗu sun isa. Kana iya cin karo da "Titter ye not", wannan karin maganar wani ɗan barkwancin Ingila ne Frankie Howerd da ya rasu a 1992, yana yi kamar yana hana masu kallo dariya da tsohon Turanci irin na coci, su kuma sai su ƙara fashewa.

Mataki na 10: dawo da ita gida

Yanzu ne zaka nemi Hausarta, kuma kar ka sa rai da kalma ɗaya tak. Kayan aiki akwai ƙamus na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, akwai na Bargery na 1934 da ake iya bincikawa a intanet, akwai na Abraham, akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 don tabbatar da ma'anar kalmar Hausar da ka zaɓa. Amma kunnenka shi ne alƙali, kuma wurin da abin ya faru shi zai zaɓa maka. Jimlar kotun nan ni zan ce 'yan kallo suka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. In 'yan aji ne malami ya yi tuntuɓen harshe, sai ince suka dinga ƙunshe dariya. In budurwa ce aka tambaye ta zancen aure a gaban iyaye, 'yar dariyar kunya ta yi ta sunkuyar da kai. In wanda aka kama da ƙarya ne yana neman mafita, dariyar borin kunya ko ta kame-kame. Mutane da yawa zasu ce yaƙe, kuma ya kusa, sai dai yaƙe a fuska yake, haƙora ne a waje ba lallai a ji sauti ba, ita kuwa titter dole kunne ya ji ta ko da kaɗan ne, don haka in zaka yi amfani da shi kace dariyar yaƙe.

Daga nan sai ka ƙirƙiri jimlolinka guda biyu ko uku da Turanci ka rubuta a ƙasan bayanin, ɗaya da aikatau ɗaya da suna, misali "The students tittered at his mistake" da "There was a nervous titter from the back". Lura ba a cewa tittered him, sai da at a tsakani. Kuma ka san wa kake jingina wa ita, kar ka rubuta a rahoton taro cewa shugaban ma'aikata ya yi titter, ko ka faɗa wa lakcara haka a kan kansa, don kamar kace masa ya yi dariyar yara marasa kamun kai ne, in dariyar manya kake nufi chuckle zaka ce, in kuma baka son ɗaukar kowane ɓangare laughed quietly ta wadatar.